Ruhin da Ya Koma Rufi

Malam Almu na Ƙofar Durbi irin mutanen nan ne da za ka gaishe su sau uku kafin su dawo daga inda suka lula. Shekara talatin yana koyar da adabin Hausa, rabin hankalinsa a aji, rabi a tsakar gidan da mahaifiyarsa take niƙa tana waƙa.

Da Inna ta rasu, ya kwafe waƙoƙinta daga kaset zuwa kwamfuta, yadda ta furta su da Katsinancinta. Kaset ɗin suka lalace daga baya. Rubutun nan kaɗai ya rage masa na muryarta.

Da furfurarsa ya durƙusa gaban Malama Rahila mai koyar da kwamfuta, ya koyi rubuta wa na'ura umarni. Gemu ba ya hana ilimi. Burinsa ɗalibi ya rubuta "gero", duk baitin da Inna ta ambaci gero ya fito masa.

Sai karambanin malanta ya motsa. Tunda Katsinawa kan ce "tahi" a maimakon "tafi", ya umarci na'urar ta mayar da kowane "hi" ya zama "fi", don yara su ga daidaitacciyar Hausa. Bai ajiye kwafi ba. Ita kuwa na'ura ba ta san kara ba, abin da aka ce shi ta yi.

Baitin da ya fi so, "Ruhina ya tahi gona, ni ina bisa dutsi", ya dawo "Rufina ya tafi gona". Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

"Malam, kwantar da hankalinka," in ji Rahila. "Layin umarni ɗaya zai mayar da kowane 'fi' ya koma 'hi'."

"A'a, Malama. Wani wuri Inna takan kwaikwayi Kananci don tsokana, ta ce 'fi' da gangan. Sai na ji ta da kunnena."

Ya sa na'urar ta riƙa tsayawa a kan kowace kalma mai "fi" tana tambayarsa ko "hi" ce ko "fi". Kullum bayan la'asar yakan lumshe ido, ƙarar dutsen niƙa ta taso a zuciyarsa, Inna ta faɗi kalmar, shi kuma ya danna.

Ran nan na'urar ta tsaya a kan wata kalma. Ya lumshe ido, ya kasa kunne har aka kira magariba. Dutsen yana ta juyawa, amma Inna ba ta ce komai ba.