Littafin Kawu Gado

Ranar wata Talata ce, ranar kasuwar Gaya, a kakar da ta rage shekara biyu Faransawa su tattara nasu ya nasu. Na dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu ta bakin kogi, ƙafafuna duk laka, sai na tarar da Kawu Gado, ƙanin mahaifiyata, zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu da littafi buɗe a cinyarsa. A bangon littafin akwai hoton mutum maƙale a kan turken waya, da igiya a ƙugunsa. Masu jakuna suna wucewa da gishiri da muruci, kowa sai ya rage tafiya, ya saci kallonsa, sannan ya ƙara sauri.

Kawu ya yi shekaru cikin masu ja wa Anasara waya tun zamanin aikin dole, shi ya sa ba a sakin baki a gabansa. A lokacin an yarda cewa duk abin da aka faɗa kusa da turke, waya za ta kai shi kunnen kumandan, Anasaran da ke mulkin garin. Mu yara in mun gaji da langa mukan kafa kunne a jikin turken mu ji yana gunji, mu ce gulmar gari ce take tafiya. To, mutumin da ya hau turken da ƙafarsa, ga shi kuma da littafin Anasara, me za a ce da shi? Mahaifina yakan ce, "Wanda ya kwana a gindin waya, ba a yi masa hirar haraji." Ya hana ni zama wurinsa. Ni kuwa da na zuba wa tunkiya harawa, sai in zagaya ta bayan rumbu in je.

Bayan la'asar yake karatun. Labarin wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa, in ji shi, da aka kwashe daga gonakinsu ana tsakar noma, aka sa su kafa turaku cikin daji. Suna sare giginya, su ɗauke ta a kafaɗa, su haƙa rami a fako har tafin hannu ya fashe. Cikinsu akwai wani Sambo mai yatsa shida, wanda yake ba da waƙa in za a ɗaga turke. Shi ne ya faɗo ranar da igiyarsa ta tsinke, abokansa suka yi masa wanka da salla yadda ya kamata, suka rufe shi a gindin wata kuka. Manya suna ganin tarko ne, so yake wani ya tanka waya ta ɗauka. In an ce, "Gado, wannan magana ba za ta ja mana ba?" sai ya ɗaga littafin ya ce, "Ni na faɗa? Anasara ne ya rubuta abinsa, je ka tambaye shi."

Ni ma ban rasa nawa zargin ba. Kawu bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, kuma yakan daɗe a shafi guda kamar ya manta ana juyawa. Sannan duk ranar da labari ya zo kan Sambo, nakan hango ƙafafun Kaka, mahaifiyar babana, ta ƙarƙashin zana, a tsaye ba motsi har a gama.

Kawu ya rasu ina saurayi, sunan ɗan leƙen asiri ya bi shi har kabari. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma littafin nan ne ya kai ni, ina so in san ko mai gaskiya ne ko maƙaryaci. Na ba malamin ajinmu, da muke ce wa mushe, labarin, ya ce bai taɓa jinsa ba. Na bi masu sayar da littattafai a Dosso da Kamba. "Sunan littafin fa, malam?" Ban sani ba. "Wa ya rubuta?" Shi ma ban sani ba. Daga ƙarshe 'yar Kawu da ke aure a Tunuga ta buɗe mini akwatinsa na ƙarfe, sai ga shi, gara ta ci gefensa.

Da Faransanci yake, ni kuwa ba na ji, amma na iya rubuta Sambo. Kwana tara na yi ina bin layi da tsinke, ina neman baƙaƙen nan biyar. Babu. Da na kai wa mushe, ya duba ya ce ai wannan bayanin zurfin rami ne da yadda ake ɗaure waya, babu mutum ko ɗaya a ciki.

Gwaggo kaɗai ta rage a dangin babana, sai na tambaye ta ko ta san wani mai yatsa shida. Ta ce, "Wanmu ne. An tafi da shi aikin waya, aka ce mana wai gudu ya yi ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki. Ba sunansa ke nan ba, amma Inna ta gane ɗanta."

Yau wayoyin lantarki sun ratsa Gaya, kowa yana faɗin abin da ya ga dama a gindinsu, ba yaron da yake kafa kunne a jikin turke. Tsamiyar tana nan, nakan zauna a gindinta bayan la'asar. Ashe littafin da nake nema Kawu ne da kansa, mun binne shi tuntuni, ko godiya ba mu yi masa ba.