Dakalin Kamu Huɗu

Yau jikata ta kawo magini da igiyar awo a gyara dakalin bayan gidanmu na Geza, dariya ta kama ni.

Shekarar 'yancin kai aka gina shi. Taubashina Dikko, dogon mutum, ya ce a yi kamu huɗu, ya riƙa miƙewa yana shanye mini fura. Na amince, na haura ƙasar Dahome na ɗauko maginin da ya fi kowa gajerun hannuwa.

Dikko ya kwanta, ƙafafu na lilo.

"Kai, ba kamu huɗu munka ce ba?"

"Huɗu ne cif, da hannun magini."

Shekaru ya yi yana naɗe ƙafa, bai fasa zuwa ba. Yau da ba shi, ji nake da na ƙara mishi kamu ɗaya.

Ku wa kuka taɓa yi wa irin wannan?