Mazurari da Kofin Ruwa

Yau ina ɗura manja a kwalba, mazurari ya tuno mini da Baba.

Ran da 'yata Hauwa za ta maimaita jarrabawar lissafi, wadda in ta faɗi sai kora, ta zauna tana kuka kan wani lissafi da ya gagare ta, mai Keke Napep ɗin da zai kai ta kuma yana ta hon a ƙofa. Baba, kakanta, tsohon malamin lissafi, ya ce in kawo mazurari da ruwa. Ya zuba ruwan, ya dubi Hauwa.

"Duba, amarya. Ruwan na sauka, faɗinsa na tsukewa, tare suke tafiya. Ke kuwa kina saurin sa lamba, kina daskarar da su. Fara haɗa saurinsu tukuna."

Ta fita da gudu. Muna zaman makokinsa sakamako ya fito, ta ci.

Allah Ya isar masa da labarin, Ya sanyaya makwancinsa.