Malam Wa-Ya-Faɗa da Itatuwan Shugaba

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana koyar da tarihi a makaranta guda, kuma tun zangon farko ɗalibai suka laƙaba masa Malam Wa-Ya-Faɗa. Shi ya jawo wa kansa. Ko cewa ka yi an yi ruwa jiya, sai ya sauke tabarau kan karan hanci ya ce, "Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani?" Matarsa ta daɗe da daina kawo masa labarin maƙwabta. Ta ce gulma da shi ba daɗi, sai ka ji kamar kana gaban alƙali.

A jadawalin makaranta kuwa, tarihi ne kullum a wutsiya, lokacin da yunwa ta gama da yara, rabin aji na gyangyaɗi. In za a yi shara, lokacinsa ake ɗauka. In za a yi guje-guje, nasa ne. Bai taɓa ƙorafi ba, yana dai shiga da allinsa.

Rannan a taron malamai Shugaban makarantar ya sanar cewa daga zango mai zuwa an cire tarihi, an ba kwamfuta lokacinsa. "Labarin matattu ba ya sama wa yaro aiki," in ji shi. Malam kuma za a mayar da shi tsaron ɗakin karatu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don duk duniya ba abin da ya iya, ba abin da yake so, sai tsayawa gaban allo. 

Shi Shugaba mutum ne mai son yabo. Kowace Litinin a taron safe sai ya nuna itatuwa goma sha biyun da ke farfajiya ya ce da hannunsa ya dasa su. Sai Malam ya ba 'yan ajin ƙarshe aikin bankwana: kowa ya rubuto tarihin itatuwan nan, da shaidu biyu waɗanda aka yi abin a gabansu.

Yara suka nufi Baba mai gadi. "Ni na haƙa ramukan," in ji Baba, "ni na yi ta ba su ruwa shekara uku. Shi dai ya riƙe buta aka ɗauke shi hoto." Suka je wajen Inna mai shara. Ta ce, "Butar ma ba ruwa a ciki."

Takarda arba'in Malam ya tattara, ya ba su maki, ya kai ofis cikin ladabi a sa hannu. Shugaba bai wuce ta uku ba ya aika a kira shi.

"Malam, wannan ai ƙazafi ne."

"Ranka ya daɗe, ni ban ce komai ba. Shaidu ne."

"To ni me ya sa ba wanda ya tambaye ni?"

Malam ya sunkuyar da kai kamar mai jimami. "Ai wannan babin zango mai zuwa ne, ranka ya daɗe: yadda ake jin ta bakin kowane ɓangare kafin a rubuta. To an cire darasin. Yanzu da wannan za su fita, shi za su gaya wa 'ya'yansu."

Shugaba ya dubi tarin takardun, ya dubi itatuwan ta taga. Can ya jawo jadawali, ya soke wani abu, ya rubuta tarihi ranar Litinin, darasin farko.

"Da wannan babin za ka fara," ya ce, "kuma ni za a fara tambaya."

Daɗi ya kama Malam har ya kusa fitowa a fuskarsa. Ya kwashi takardunsa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo.

"To, ranka ya daɗe. Sai dai a fara neman shaidu tun yanzu."