Dogo, Busa!

Duk layin babu wanda bai san Dogo direba ba, ko da ta sautin da ke fitowa daga tagar falonsa ne. Tun da gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama ya ajiye tuƙin tirela, ya dawo gida ya tare a gaban kayan sautinsa: na'urar kaset a sama, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a ƙasa, sai manyan sifiku biyu na katako, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce ta kai ƙugun mutum. Kullum da hantsi sai ya bi su da tsohuwar singileti ya goge. Matarsa takan ce da ita ake lallaɓawa haka, da har yanzu amarya ce.

Amma kafin tuƙi, Dogo mai busa ne. Yana saurayi ya shiga wata ƙungiyar makaɗa masu jita da ganguna, shi ke busa musu ƙaho, irin na tagulla mai maɓallai a sama. Sun taɓa samun sa'a aka kai su ɗakin ɗaukar sauti, suka yini suna waƙa ɗaya. Ba a jima ba mahaifinsa ya kwanta ciwo, ga ƙanne rututu, busa kuwa ba ta ɗora tukunya. Ya sayar da ƙahon ya bi mota. Shugaban ƙungiyar ya ji haushin tafiyarsa, suka rabu baram-baram, kuma Dogo bai samu ya ji abin da suka ɗauka ba.

Labarin dai bai bar bakinsa ba. Ya ba matarsa tun yana zuwa zance wurinta, ya ba 'ya'yansa, ya ba abokan tuƙi a wuraren hutawa har sai sun yi gyangyaɗi. Ƙanin matarsa, mai aski, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan, ya ji shi har ya haddace, yana iya ƙarasa masa in ya tsaya tari.

Kayan sautin a wata doguwar tafiya ya sayo su, tare da wayar da ke haɗa na'urar kaset da amfilifaya. Waya ce baƙa mai kaurin ɗan yatsa, sili biyu manne da juna, kawunanta masu ruwan zinare, ɗaya da zoben ja ɗaya da fari. Mai shagon ya ce masa rabin daɗin sautin a wayar nan yake, Dogo kuwa ya riƙe maganar gam. Ana nan wata rana sifikar hagu ta yi shiru. To, direban tirela ba ya kiran mai gyara a kan ƙaramin abu. A dokar daji mota ke lalacewa, da abin da ke hannu ake tayar da ita. Ya laluba har ya gano farin silin ne ya mutu a ciki. Sai ya yi abin da ya saba yi wa fitilun mota idan wayar ɗaya ta ƙone: ya fere jan silin da reza, ya jona farin kan a jikinsa, ya naɗe da baƙin salatif. Nan take sifikun biyu suka ɗauka. Kaset-kaset ɗinsa yawanci daga rediyo ya kwafe su, inda sautin dama da na hagu duk ɗaya ne, don haka kunnensa bai ji wani abu ya ragu ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ƙullin salatif ɗin, ya ce aikin hannunsa ne, kuma kada kowa ya taɓa.

Bayan shekaru, yana jiran a canza masa taya a wani gareji, sai ga tsohon mai gangar ƙungiyarsu, kai duk furfura. Suka rungume juna. Da za su rabu mutumin ya shiga motarsa ya ɗauko kaset ya miƙa masa. Waƙar nan ce.

Dogo bai saurara shi kaɗai ba, kuma nan ya yi kuskure. Ya tara gida da maƙwabta da yamma, har kujeru aka aro. Mai aski ya rufe shago ya zo ya zauna a gaba. Kiɗa ya tashi, jita tana tafiya, ganguna suna biye, mawaƙin yana rangaɗa murya. Dogo yana tsaye yana kaɗa kai. Can tsakiyar waƙar mawaƙin ya ɗaga murya ya yi kira:

"Dogo, busa!"

Dogo ya ɗaga yatsa sama, ya rufe ido. Ba abin da ya fito. Ganguna suka ci gaba da tafiya su kaɗai, suka yi ta tafiya, wuri ya yi fayau kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Shi dai ya rantse yana jiyo wani abu can nesa, siriri kamar kukan sauro. Babu wanda ya ji sai shi.

"Yaya," in ji mai aski, "ko lokacin ka fita shan ruwa ne?"

Falon ya ɓarke da dariya, har da masu riƙe ciki. Dogo ya yi yaƙe, ya kashe na'urar. A ransa ya yanke cewa shugaban ƙungiyar ne ya goge busarsa don ramuwa. Bai ko yi tunanin gwada kaset ɗin a wani wuri ba, don a ganinsa abin da kayansa ba su fitar ba, to babu shi a duniya. Ya jefa shi ƙasan akwatin tufafi.

Daga ranar sunan ya bi shi. In ya zo wucewa ta gaban shagon aski sai a yi masa kira, "Dogo, busa!" Masu jiran layi su kwashe da dariya, shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai. Abin da ya fi yi masa ciwo ma ba tsokanar ba ce. Autarsa ce, da ta zo ganin gida ta dafa hannunsa ta ce, "Baba, ai ko ba ka taɓa busa komai ba, kai ne dai babanmu." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, shi kuwa sai da ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Ya daina ba da labarin kwata-kwata. Wani lokaci yana zaune sai ya ga yatsunsa na dama suna motsi a kan gwiwarsa, suna danna maɓallan da babu su, sai ya yi sauri ya dunƙule hannun.

Haka aka tafi har ranar da matarsa ta ce falon ya yi baƙi, sai an yi fenti. Ranar fentin ta dace da ranar da zai je a duba masa gwiwa. Kafin ya fita ya ja kunnenta a kan kayan sauti, ta ce ta ji. Da ita da mai fenti suka kama kabad ɗin da kayan sautin ke kai za su matsar daga bango, sai ji suka yi ƙarat! Tsohuwar wayar ta maƙale a ƙusa, ta tsinke daidai ƙullin salatif.

Ba mace ce mai ɓoye-ɓoye ba. Ta yafa mayafi ta nufi rumfar mai kayan wuta da ke bakin titi, ta nuna masa gutsuren. Ya zaro mata wata 'yar siririya a leda, kuɗinta bai kai na sabulun wanki ba, ya ce ja a ramin ja, fari a ramin fari, sama da ƙasa. Ta dawo ta soka yadda ya ce, ta ajiye gawar tsohuwar a kan tebur inda Dogo zai gani.

Ya gani kuwa, tun daga bakin ƙofa. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya juya ta, ya leƙa bayan kabad ya hango sabuwar.

"Wannan igiyar shanyar fa?"

"Waya ce, Baban yara. Taka ta tsinke, ni na ja kabad."

"Kin san abin da kika tsinka? Ruwan zinare ne a kanta! Wannan abar kuma ko takalmi ba zan ɗaure da ita ba."

"To ka kunna mana mu ji, in ta ƙi na mayar wa mai kayan wuta abarsa."

"Zan kunna, don ki ji da kunnenki yadda kika kashe mini kaya."

Ya zaro wani kaset da auta ta taɓa sayo masa a shago, wanda ya ji har ya gaji, ya danna da ƙarfi, ya harɗe hannu yana jiran sauti ya fito a shaƙe. Sautin ya fito tas. Ya buɗe baki zai kushe, sai ya tsaya. Jita tana dama, yadda ya santa. Amma daga hagu wasu mata ne ke amshi, muryoyi masu daɗi, waɗanda bai taɓa sanin suna cikin waƙar ba. Ya taka zuwa sifikar hagu ya kara kunne. Ya koma ta dama. Ya dawo tsakiya ya tsaya, warin fenti na shiga masa hanci, waƙar ta buɗe ta cika falon daga bango zuwa bango.

A nan abin ya faɗo masa. Fitilun mota wuta ɗaya suke sha, ko ta ina ka jona duk ɗaya ne. Wayar sauti kuwa kowane sili da nasa kayan da yake ɗauka, ja na dama, fari na hagu. Shekara da shekaru ashe rabin kowace waƙa yake ji, rabin dama, yana fitowa ta sifiku biyu. Ɗaya rabin yana nan a cikin kaset, ƙullin da yake taƙama da shi ne ya tare masa hanya.

Ya manta da ciwon gwiwa. Ya faɗa ɗaki ya kifar da akwatin tufafi a kan gado, ya lalubo kaset ɗin. Zaren ya ɗan saki, ya soka biro ya naɗe shi. Matarsa ta gane kaset ɗin.

"Baban yara, kada ka sake tayar wa kanka da hankali."

"Rufe ƙofa," kawai ya ce.

Jita ta shigo, ganguna suka biyo, mawaƙin ya rangaɗa murya. Dogo bai kaɗa kai ba wannan karon, ya dafe kabad da hannu ɗaya. Kiran ya zo.

"Dogo, busa!"

Ƙaho ya tsage daga sifikar hagu. Ya tashi sama tsaye, ya yi wata karkarwa, ya gangaro a hankali ya sake hayewa, busar yaro mai cikakken huhu wanda bai san tsoro ba. Dogo ya san kowane lungu nata. Ya san inda zai ja numfashi, ya kuma ji an ja shi. Yatsunsa suna dannawa a kan katakon kabad, bai dunƙule su ba. Matarsa ta zauna a kan bokitin fenti ba ta sani ba, hawaye na zuba, tana dariya.

"Wallahi kai ne," ta ce. "Har yadda kake shaƙar iska in za ka yi faɗa."

Ya mayar da kaset baya. Ya wangale taga, ya wangale ƙofa, ya rungumi sifikar hagu, wadda mai fenti ya ce sai mutum biyu, ya ja ta iyakar inda wayarta ta kai, ya juya bakinta ga shagon aski. Ya murɗa amfilifaya har inda bai taɓa kaiwa ba.

Masu jiran layi suka gane waƙar, suka fara murmushi. Da mawaƙin ya yi kira har suka taya shi, baki ɗaya, kamar yadda suka saba. Sai ƙahon ya amsa musu, ya cika layin har tattabarun kan rufi suka tashi. Mai aski ya fito da injin aski a hannu, mutumin da yake yi wa ya biyo shi da zane a wuya, rabin kai a aske. Suka tsallako titi suka tsaya a ƙofa. Ba wanda ya yi tari har busar ta sauka.

Mai aski ya matso kusa da Dogo.

"Yaya," ya ce, "a mayar baya mu sake ji."

Aka mayar, aka sake mayarwa. Wani ya kira auta a wayar hannu ya kara mata a bakin sifika, aka jiyo ihunta daga can. Dogo yana tsaye a tsakiyar falon da ba a gama wa fenti ba, ƙirji a buɗe, yana karɓar hannu.

Har yau dai in ka tambaye shi zai ce tsohuwar wayar ta fi nauyin sauti, babu kuma mai yarda da shi. Amma 'yar siririyar ce yake bi da singileti kowane hantsi, daga jan kai zuwa fari.

Da jama'a suka watse a ranar, matarsa ta kawo masa shayi, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Ba ni labarin ranar da kuka ɗauka," ta ce.

"Ai kin ji shi har kin gaji."

"Na daɗe ban ji ba."

Dogo ya ajiye kofin, ya gyara zama, ya fara tun daga farko.