Kwalbar da Baba Ya Binne

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na dawo daga Kano na tarar babu kwalbar nan a bayan buhunan masara.

Noman rani nake yi a Tiga, kuma ɗaukar buhu ne ya jawo mini ciwon ƙaba. A wani asibitin kuɗi aka yi mini aiki, aka sa mini wata raga ta roba a ciki don ta tare wurin. A gida cewa na yi ciwon ciki ne. A garinmu in aka ji kana da irin wannan lalura, ka zama abin tsokana a majalisa ke nan har ka tsufa.

To, ragar ba ta zauna lafiya ba. Wurin ya kumbura yana ruwa, ko sunkuyawa ba na iyawa. Gonata ta bushe ina ji ina gani. Aka fara cewa lalaci ne ya kama ni, abokai suka ɗauke ƙafa. Sai in je bakin dam in zauna ni kaɗai, ina kallon masunta har la'asar. Wallahi kaɗaicin nan ya fi ciwon cin raina.

Daga baya wani likita ya sake yi mini aiki ya ciro ta, ya miƙo mini a kwalba, da ɗan nama manne a jikinta. Lauyan da na samu ya ce, "Malam, ka adana ta da kyau, ita ce shaidarka. In aka gwada aka ga ba mai kyau ba ce, dole asibitin farko su biya ka diyya." Ni ba diyyar ce a gabana ba. So nake alƙali ya faɗa da bakinsa cewa cutata aka yi, ba ƙyuyar aiki nake ba.

Na ɓoye kwalbar a ɗakin hatsi, ban gaya wa kowa ba. Ran da lauyan ya ce in kawo ta, na dawo gida na yi ta birkita buhuna, wayam. Na fito na sami mahaifina a zaure na durƙusa.

"Baba, ko an ga wata kwalba a ɗakin hatsi?"

"An gani. Maiɗakinka ce ta kawo mini, ta ce kamar abin da aka ciro maka ne a asibiti. Naman ɗan Adam ba a ajiye shi a kwalba, yaro. Na naɗe shi a farin ƙyalle na binne a maƙabarta, na yi maka addu'a."

"Baba, ai shaidata ce a kotu!"

Ya ce, "Wace kotu? Ka taɓa gaya mini kana da shari'a?"

Na roƙe shi ya nuna mini wurin. Ya girgiza kai ya ce, "Maƙabarta za ka tona? Ba dai ina raye ba."

Shari'ar ba ta je ko'ina ba, kotu ta ce babu hujja. Har yau akwai masu kirana malalaci, kuma ba ni da abin nuna musu. Ban taɓa riƙe Baba a zuciya ba, gata ya yi mini daidai saninsa. Abin da na koya shi ne, in ka ɓoye wa naka ciwonka, kai kaɗai za ka yi jinya, kuma ran da suka tashi taimakonka a makance za su yi.