Malam Dramani Abukari, Mai Kiɗan Guduma

An haifi Malam Dramani a Zangon Kumasi a shekarar 1951. Mahaifinsa Abukari falken goro ne, mahaifiyarsa Safura kuma mai sayar da koko.

Karatu da sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a 1964, boko kuwa ko ƙofarta bai leƙa ba, saboda haka duk abin da ya rubuta a rayuwarsa da ajami ne. A 1967 aka kai shi Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, koyon gyaran wayar mota, amma rediyo ta ɗauke masa hankali. Ya auri Barkisu a 1975.

Kiɗa

Daga 1979 ya shiga ɗaukar ƙarar gudumar maƙera a kaset, yana yanka zaren da reza, yana liƙe bakinsa biyu domin sautin ya riƙa maimaita kansa, sannan ya ɗora kalangu a kai. 'Yan mata sun sha rawa da shi a bukukuwan unguwar Asawase, makaɗa kuwa suka ce hayaniya ce kawai. Maganar ta ci masa rai ƙwarai. A 1988 ya umarci matarsa ta zubar da kaset ɗinsa guda ɗari da arba'in, yana mai yaƙinin cewa aikinsa zai shuɗe babu wanda ya san sunansa.

Barkisu ta ga rubutun Larabci a bayansu, ta ɗauka wa'azi ne. Tun da a Zango ba a jefa irin wannan rubutu a bola, sai ta naɗe su cikin farin ƙyalle ta ɗora bisa kabad, ba ta gaya masa ba.

Shekarun ƙarshe

A jajiberin azumin 2019 ta nemi jikarsu Hikima, wadda ke haɗa kiɗan rawa na zamani a kwamfuta, ta juye mata wa'azin a waya. Ana kunnawa sai guduma ta amsa. Barkisu ta ce, "Ashe shekara talatin kalangu nake yi wa ladabi."

Hikima da abokan sana'arta, waɗanda duk zatonsu irin wannan salo sai ƙasashen waje, suka mai da zauren dattijon makaranta, ya koya musu yankan zare da hannunsa. A 2022 suka shirya taro a Asawase, aka saka kiɗansa, aka ambaci sunansa a lasifika. Ya yi farin ciki matuƙa, abin da ya roƙa kawai shi ne, "Ku ƙara murya."

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 8 ga Maris, 2024, yana da shekara saba'in da uku, aka yi masa sutura a maƙabartar Tafo. Ya bar matarsa Barkisu da 'ya'ya uku, Rakiatu, Rashid da Mamuna, da jikoki goma sha ɗaya. Yawancin matasan da suka yi rububin ɗaukar makararsa bai san sunayensu ba, amma kowannensu ya san nasa.